Matsalolin Kula da Ma'aikata da Ke Ci wa Masu Kamfanoni Tuwo a Ƙwarya

A cikin matsalolin da shugabannin kamfanoni ke fama da su a Najeriya, riƙe gogaggen ma'aikaci ya fi samunsa wuya. Masu neman aiki sun yi yawa, amma wanda ya ƙware, ya san ciki da wajen sana'ar, bai cika daɗewa a wuri guda ba.

Babban dalili shi ne albashi. Tun daga cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da barin kasuwa ta yi wa naira daraja a watan da ya biyo baya, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A Yulin shekarar, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, tare da sharaɗin sake duba shi duk bayan shekara uku. Dokar ba ta hau kan masu ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma hakan bai sauƙaƙa wa ƙaramin kamfani komai ba, domin wanda kuɗin mota ke cinye masa kaso mai tsoka na albashi zai koma inda aka fi biya.

Ga kuma ƙaurar da ake kira "japa", kalmar Yarbanci mai nufin tserewa. Likitoci da ma'aikatan jinya da masana kwamfuta na bankuna suna tafiya Birtaniya da Kanada. Wasu ma ba sa barin gida: ta intanet suke yi wa kamfanonin waje aiki ana biyansu da dala, abin da mai biya da naira ba zai iya gogayya da shi ba.

Albashi kuwa ba shi kaɗai ne nauyin da ke kan mai kamfani ba. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora masa zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 a asusun ma'aikaci, shi kuma ma'aikacin kashi 8, haɗe da inshorar rai da ta ninka albashinsa na shekara sau uku. Akwai kashi 1 na jimillar albashi da ake biya wa asusun NSITF domin diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, da wani kashi 1 na asusun horas da ma'aikata na ITF mai hedikwata a Jos. ITF na iya mayar wa kamfani har rabin abin da ya biya idan ya horas da mutanensa bisa ƙa'ida. Duk da haka wasu na ɗari-ɗarin horaswa, don gudun su yi wahala wani ya ci moriya, alhali rashin hanyar ci gaba na cikin abubuwan da ke korar matasa daga aiki.

Inda aka fi yin sakaci shi ne rubutu. Dokar ƙwadago ta wajabta ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawarsa, ta kuma ƙayyade wa'adin sanarwa kafin sallama, daga kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba zuwa wata guda ga wanda ya shekara biyar ko fiye. A kamfanonin gado da dama, har yau da baki ake ɗaukar mutum, sau da yawa ɗan uwa ko wanda aka nema wa alfarma. Irin wannan ma'aikaci yana da wuyar tsawatawa, sallamarsa kuma kan taɓa zumunci, sauran ma'aikata suna kallo suna lissafin makomarsu.

Idan rigima ta tashi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon yin la'akari da ƙa'idojin ƙwadago na duniya, kuma a hukunce-hukunce da dama ta nemi mai kamfani ya kawo ingantaccen dalilin sallama, saɓanin yadda aka saba a da. Kamfanin da bai adana takardar ɗauka da ta gargaɗi da shaidar biyan albashi ba, da wuya ya kare kansa a gabanta.