Baƙin Sama da Jan Dutse: Yadda Launi Ya Sami Gurbi a Hoton Shimfiɗar Ƙasa

A watan Afrilun 1927, wani matashi mai shekara 25 mai suna Ansel Adams ya hau wani tsauni a kwarin Yosemite da ke jihar Kalifoniya, ɗauke da babbar kyamara da farantan gilashi, waɗanda a lokacin a kansu yake ɗaukar hoto. Ko da ya isa inda yake fuskantar dutsen Half Dome, faranti biyu kacal suka rage masa. Na farko ya ɗauka da gilashi ruwan ɗorawa a idon kyamarar, kamar yadda aka saba. Sai ya lura cewa abin da zai fito ba zai nuna kwarjinin da dutsen ya yi masa ba. Ya sauya zuwa jan gilashi, wanda ke tare hasken shuɗi, ya ɗauki na ƙarshe. Da aka wanke, sararin sama na tsakar rana ya fito kusan baƙi ƙirin, dutsen kuma ya tsaya a gabansa kamar garu.

Babu wanda ya taɓa ganin samaniyar Yosemite da wannan baƙin. Amma shekaru da dama bayan haka, masana sun riƙa ɗaukar irin wannan hoto a matsayin na gaske kuma na fasaha, suna yi wa mai launi kallon kayan talla da kalanda. Dalilin wannan fifiko ya fi alaƙa da ɗakin wankin hoto fiye da kyan gani.

Tun farko baƙi-da-fari ba zaɓi ba ne, dole ce. Sinadaran ƙarni na 19 sun fi jin hasken shuɗi, shi ya sa sama ke fitowa fari fat a tsofaffin hotuna, ba ko gajimare. A shekarun 1850, Gustave Le Gray na Faransa yakan ɗauki teku dabam, ya ɗauki sama dabam, sannan ya haɗa su a takarda ɗaya. Launi ya shigo kasuwa a 1907 da Autochrome na 'yan'uwan Lumière, sai Kodachrome na kamfanin Kodak a 1935. Matsalar Kodachrome ita ce wankinsa na da sarƙaƙiya ƙwarai, sai an aika fim ɗin zuwa kamfani. Mai hoto ya danna, injin wani ya yanke sauran hukuncin.

Adams kuwa, wanda ya fara rayuwa da burin zama makaɗin fiyano, ya ɗauki nagetif tamkar rubutaccen kiɗa, wankin hoto kuma shi ne kaɗa shi. Wajen 1940 shi da Fred Archer suka tsara wata hanya ta raba haske mataki-mataki, daga baƙi wuluk zuwa fari tas, domin mai hoto ya san inda kowane sashe zai faɗa tun kafin ya danna. Shahararren hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez na Niyu Meziko, wanda ya ɗauka ranar 1 ga Nuwamba 1941, ya wanke shi fiye da sau 1,300 a rayuwarsa, kuma samansa na ƙara duhu da tafiyar shekaru. Nagetif ɗaya ne, amma kwafin farko da na shekarun 1970 kamar ba dare ɗaya suka nuna ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Adams ya ɗauki dubban hotuna masu launi. Har Kodak ta riƙa rataya wasunsu a tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a Niyu Yok, a kan allon talla mai faɗin ƙafa 60. Aikin neman abinci ne a wurinsa. Littafin da ya tattara su bai fito ba sai 1993, shekara tara bayan rasuwarsa. A hoto mai launi, idan aka baƙanta sama kamar yadda ya yi wa Half Dome, ido zai gane ƙarya nan take, domin kowa ya san launin sama. Baƙi-da-fari ya riga ya rabu da zahiri tun daga tushe, don haka mai kallo yakan yafe masa ƙari.

Wanda ya nuna cewa launi ma yana biyayya ga hannu shi ne Eliot Porter, likita wanda ya yi karatu a Harvard, ya ajiye aikinsa a 1939 ya koma hoto. Da tsuntsaye ya fara, kuma a nan buƙatar launi a fili take, tunda sau da yawa da launin gashi ake bambanta wannan tsuntsu da wancan. Ya koyi wata hanya mai cin rai ta buga hoto da rini: a raba hoton gida uku bisa launi, a jiƙa kowane da rininsa, a danna su ɗaya bayan ɗaya a kan takarda guda ba tare da ɗaya ya goce ba. Kowane rini ana iya ƙara masa ƙarfi ko a rage. Wato irin ikon da Adams ke da shi a kan toka-toka, Porter ya same shi a kan ja da kore.

Abin da suke ɗauka ma ya bambanta, kuma ba haɗari ba ne. Baƙi-da-fari yana son siffa: tsauni, gajimare, inuwa mai kaifi, nisa. Porter ya fi sunkuyar da kyamara ga busassun ganye a bakin rafi ko gansakuka a jikin dutse, sau da yawa ba a ma ganin sama. Jan ganye da koren ganye na iya zama toka iri ɗaya idan aka cire launi, hoton ya mutu.

Muhawarar ta wuce ta ɗakin nune-nune, domin a Amurka hoton ƙasa makami ne a siyasar kare muhalli. Littafin Adams na 1938 a kan duwatsun Sierra Nevada yana cikin abubuwan da suka taimaka aka kafa gandun Kings Canyon a 1940. Porter bai yi wannan sa'ar ba. A shekarun 1950 ƙungiyar Sierra Club, ƙarƙashin David Brower, ta yi nasarar hana gina madatsar ruwa a Echo Park, amma ta sassauta a kan wata da za a gina a Glen Canyon, a kogin Kolorado, wurin da mutane ƙalilan suka taɓa shiga. Porter ya bi kwazazzabon ya ɗauko jan dutsen yashi, da hasken da ke dawowa daga bango zuwa bango har ruwa ya koma kamar narkakken zinariya. Wannan wuri ne da baƙi-da-fari zai iya nuna tsayinsa, amma ba zai iya nuna abin da za a rasa ba. Littafin, The Place No One Knew, ya fito a 1963, shekarar da aka rufe ƙofofin madatsar. Brower ya rayu yana kiran sassaucin nan babban kuskurensa.

Manyan gidajen adana fasaha sun biyo baya a makare. Nunin William Eggleston a MoMA a 1976 ya sha suka daga masu sharhi, sai a 1979 gidan Metropolitan ya keɓe wa Porter nuni, na farko da ya yi wa mai hoton launi shi kaɗai. Daga baya kyamarar dijital ta mayar da zaɓin abin da ake yi da yatsa bayan an ɗauka, Kodak kuma ta daina yin Kodachrome a 2009.

Tafkin Powell, wanda ya haɗiye Glen Canyon, ya cika a 1980. Farin da ya addabi yammacin Amurka ya janye ruwansa ƙwarai a 2021 da 2022, har wasu lungunan da Porter ya ɗauka suka sake bayyana. Jan dutsen yana nan, sai dai yanzu da farin zobe na gishirin ruwa a jikinsa, daidai inda tafkin ya taɓa kaiwa.