Ƙuri'ar 1958 da fanshon mazan jiya

Kai mai karatu, ko a Takanamat kake ko a Tawa, tambayi dattawan garinku labarin mazan jiya. Su ne samarin da Faransa ta ɗiba soja a zamanin mulkin mallaka. Sun yi mata yaƙi daga 1939 zuwa 1945. Wanda ya daɗe a soja ko ya ji rauni, ana ba shi fansho, wato kuɗin da hukuma ke biyan wanda ya gama aikinta. Da shi ake sayen hatsi, a biya haraji.

Ran 28 ga Satumba 1958, Janar Digol ya kawo zaɓe. Tambaya ɗaya ce: za ku zauna tare da Faransa? I ko A'a.

Jam'iyyu biyu suka ja daga. Sawaba, mai alamar raƙumi, ta Jibo Bakari ce, wanda ya taɓa koyarwa a Birnin Ƙonni. Ta ce A'a, a ba mu 'yanci yanzu. RDA, mai alamar giwa, ta Jori Hamani ce. Ta ce I. Digol kuwa ya ce ƙasar da ta zaɓi A'a, kada ta sa ran taimakon Faransa. To, ka duba zuciyar tsohon soja. Daga Faransa kuɗinsa ke zuwa. Ina zai jefa ƙuri'arsa?

I ta yi rinjaye a Nijar. Jibo ya sauka, Jori ya hau. A 1959 aka hana Sawaba.

Amma ran 26 ga Disamba 1959, majalisar Faransa ta yi doka. Ta ce tsofaffin sojan ƙasashen da suka samu 'yanci, fanshonsu ya tsaya inda yake, ba ƙari. Nijar ta samu 'yanci ran 3 ga Agusta 1960, dokar ta hau kan mutanenta. Ba a cire ko dala ba. Sai dai gero na tsada, na Bafaranshe na ƙaruwa, na ɗan Adar yana nan wuri ɗaya. Ragi ne da ba a kira shi ragi ba.

Wani tsohon soja na Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara. A 2001 babbar kotun Faransa ta ce an yi wariya. Hukuncin ya tarar ya rasu. Sai a 2007 aka daidaita wani sashe, sauran kuma a 2011. Lokacin nan yawancin mazan jiya sun riga mu gidan gaskiya.

Ka gani, ƙuri'ar I ba ta tsare kuɗin ba. Saboda haka in ɗan siyasa ya ce zai kare fanshon tsofaffi, ko ya ce abokin hamayyarsa zai yanke shi, tambaye shi: wace doka? Wa zai biya? Nawa, kuma yaushe? Tun da ka iya karatu, ce masa ya nuna maka a rubuce.