Daga Gadon Gida zuwa Zaɓin Jami'a: Tarihin Rassan Ilimin Halittu a Ƙasar Arewa

Ƙasar Arewa, wadda a tsarin mulkin Jamhuriyar Nijar na yau ta ƙunshi gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Doso, tana shimfiɗe ne a kan Dallol Mawri, wato tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun zamanin da, ruwansa ya koma ƙarƙashin ƙasa ya bar fadamu da rijiyoyi a tsakanin tuddai da duwatsu. A cikinta garin Lugu yake, mazaunin Sarauniya, wanda duniya ta fi saninsa da yaƙin watan Afrilu na 1899, lokacin da Sarauniya Mangu da maharbanta suka tari rundunar Faransa da Voulet da Chanoine suke jagoranta. Sai dai ƙasar tana da wani tarihin da ba a cika waiwayarsa ba, shi ne na yadda mutanenta suka rarraba sanin abubuwa masu rai a tsakaninsu, kowane gida da fanninsa, da kuma yadda wannan rabo ya sauya kama har ya zama rassan da ɗalibin ilimin halittu yake zaɓa a jami'a.

Binciken da Marc-Henri Piault ya wallafa a 1970 a kan tarihin Mawri, wato mutanen wannan yanki, ya nuna cewa iko a wannan ƙasa iri biyu ne. Akwai na Gubawa, waɗanda suka riga kowa zama, su ne ƴan ƙasa masu riƙe da alkawarin da ke tsakanin mutum da daji, kuma Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji su ne manyansu. Akwai kuma na Arawa, zuriyar da tarihin baka ya ce daga Barno ta fito, wadda ta riƙe sarauta da yaƙi. A ƙarƙashin wannan tsari, sanin halittu bai taru a hannun mutum ɗaya ba. Maharbi ya san sawun dabba da makwancinta da lokacin haihuwarta, shi ya sa farauta take da ranar buɗewa, wadda Azna, masu bin addinin gargajiya, suke kira buɗin daji. Boka ya san saiwa da sassaƙe da ganye, ungozoma ta san ciki da jego, wanzami ya san jijiya da ƙaho, Bafulatani makiyayi ya san ciyawar da ke ƙosar da saniya da wadda ke kumbura ta, manomi kuwa ya bambance ƙasar gero da ta maiwa, tun daga tsinke a gona yana ware zangarniyar da za ta zama irin baɗi. Hanyar shiga kowane fanni ita ce gado, domin ɗa yana tashi ne ya tarar da sana'ar ubansa tana jiransa.

Zurfin wannan sani yana bayyana a yadda ake sarrafa anza, ƙaramar itaciyar da ke zama kore ko da damina ta ƙi. Ƴaƴanta suna da ɗacin da ba ya barin a ci su ɗanye, amma matan karkara sun gano cewa idan aka ɓare su, aka jiƙa, ana zubar da ruwan ana sake wani har na kwanaki, ɗacin yana fita, a dafa su a ci, kuma da wannan dabara gidaje da yawa suka tsallake shekarun yunwa. Haka nan maharban ƙasar Hausa sun daɗe suna haɗa dafin kibiya da ƴaƴan kwankwani, tsiron da masanan Turai suka fitar da maganin zuciya daga danginsa a ƙarshen ƙarni na 19. Raunin tsarin shi ne cewa asiri ne yake tsare shi, ba rubutu ba, saboda haka duk tsohon da ya rasu bai sami magaji ba, da abin da ya sani ake rufe shi.

Mulkin mallaka ya kawo rubutu da awo, amma bai buɗe wa ɗan ƙasa ƙofar zama masani ba. A ɓangaren Ingilishi, likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, yana haɗa kowane suna da takwaransa na Latin, wanda shi ne harshen da masana suka amince su riƙa sa wa halittu suna da shi. A ɓangaren Faransa kuwa, ƴan ƙalilan da suka yi nisa a boko sai an kai su makarantar likitanci ta Dakar, wadda aka buɗe a 1918, ko makarantar likitan dabbobi ta Bamako, kuma a matsayin mataimakan Bature suke dawowa. Abin da ya tilasta horar da su shi ne annoba: cutar bushiya da ta karkashe shanun Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1890, da farar da ta haɗu da ƙarancin ruwa ta jefa yammacin Nijar cikin yunwar 1931, da sanƙarau da ke dawowa da zafin bazara. Tun daga nan aka ga alamar abin da zai biyo baya, wato kowane reshe na ilimin zamani a wannan ƙasa wata masifa ce ta haife shi.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, an kafa cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, sannan a 1992 aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana haifaffen Tasawa. Haihuwar jami'ar ta zo daidai da babban farin 1973, wanda ya halaka dabbobi ya kuma tona asirin ƙarancin masana ƴan ƙasa, don haka cibiyoyin bincike suka biyo baya a jere: AGRHYMET mai lura da yanayi da noma a 1974, hukumar binciken noma ta ƙasa, INRAN, a 1975, da cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, mai aikin inganta gero da sauran amfanin busasshiyar ƙasa, a shekarun 1980. A 1980 ne kuma wata tawaga ƙarƙashin Édouard Adjanohoun ta wallafa kundin tsirran magani na Nijar, wanda abin da ke cikinsa daga bakin masu maganin gargajiya aka ji shi. Daga baya an buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, sannan na Doso da Tilaberi da Agadas da Difa a 2014.

A yau karatun yana bin tsarin da ake kira LMD, wato matakai uku na lisansi da masta da dakta, inda lisansi, wanda shi ne digiri na farko, yake ɗaukar shekara uku da aka kasa zango shida. Yaron Lugu ko na Matankari da ya ci jarrabawar bakaloreya a ɓangaren kimiyya yana farawa ne da tushe na bai ɗaya, inda ake haɗa masa ilimin halittu da na sinadarai da na duwatsu da lissafi, kafin hanya ta rabu. Akwai ilimin tsirrai, wanda ya ƙunshi sunayensu da ƙirarsu da yadda suke shan ruwa da haske. Akwai ilimin dabbobi, wanda ilimin ƙwari da na tsutsotsin da ke rayuwa a jikin wasu suke ƙarƙashinsa. Akwai ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Akwai ilimin sinadaran jiki, mai bin diddigin abin da abinci da magani suke zama a cikin jini. Akwai ilimin gado, mai bayyana yadda kamanni suke bin iri daga uwa zuwa ɗa. Sai kuma ilimin muhalli, wanda yake duban dangantakar halittu da junansu da ƙasar da suke kai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tsohon takwara a Arewa, bambancin kawai shi ne yanzu maki da sha'awa ne suke zaɓa wa mutum fanni, kuma abin da aka gano rubuta shi ake yi domin wani ya gwada ya tabbatar ko ya ƙaryata.

Amfanin tsayawa a kan reshe ɗaya ya fito fili a yaƙin da ake yi da murzuna, tsutsar da ta zama annoba a Sahel tun bayan farin shekarun 1970, wadda take cin zangarniyar gero tana barin sawu mai murɗewa kamar an naɗa mata zare. Masana ilimin ƙwari na INRAN da na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, sun yi aiki da wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda macensa take harbin tsutsar ta sandarar da ita, sannan ta saka ƙwai a jikinta, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Ana zuba gero a ƙaramin buhun algarara, a sa tsutsotsin da zanzaron zai hayayyafa a kansu tare da matansa, a rataye buhun a gefen gonaki lokacin da gero ya fara fitar da kai, sai sababbin zanzaro su riƙa fita ta ramukan saƙar suna bazuwa. Ba a kai ga wannan dabara ba sai da masana suka shafe shekaru suna ƙirga kwanakin rayuwar ƙwaro ɗaya.

Sauran rassan ma haka labarinsu yake. Masu nazarin ƙananan halittu a cibiyar CERMES ta Yamai su ne suke tantance irin ƙwayar sanƙarau da ke yawo a kowace shekara, aikin da ya share fagen rigakafin MenAfriVac da aka fara yi a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010. Masu ilimin muhalli sun bayyana dalilin da ya sa gero yake yin kyau a ƙarƙashin gawo, itacen da yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, kuma saiwarsa take ƙara wa ƙasa taki, abin da manomin Arewa ya daɗe da sani a aikace. Sun kuma auna ribar sassaben zamani, wato barin tohon sabara da kalgo su girma a gona maimakon a tumɓuke su, dabarar da ta yaɗu daga yankin Maraɗi a shekarun 1980. Lambunan dankalin turawa na Dogon Dutsi suna neman masanin cututtukan tsirrai, gonakin da ƙuduji ya addaba suna neman masanin iri, makarantun sakandare na karkara kuma suna neman malamin da zai kama hannun yaro ya nuna masa ƙwayar halitta a madubi, tunda gani ya kori ji.

Abin da wannan tarihi yake nunawa shi ne rarrabuwar ilimin halittu zuwa fannoni ba baƙon abu ba ne a Arewa, kuma kowane fanni ya sami daraja ne gwargwadon matsalar da ya warware wa jama'a. Saboda haka ya kamata ɗaliban wannan ƙasa su dubi rumbunan gidajensu da garken danginsu da asibitin garinsu kafin su zaɓi reshe, hukumomin ilimi su samar wa jami'o'in jihohi ɗakunan gwaji da kayan aiki, malamai kuma su tura ɗalibansu Lugu da Bagaji da sauran ƙauyukan Dallol Mawri su rubuta sunayen itatuwa da amfaninsu daga bakin dattawa, da yardarsu da kuma ambaton sunayensu, tun masu wannan sani suna raye.