Fijo a-kori-kura: a tashe ta ko a miƙa wa 'yan gwangwan?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira ta faɗi ƙasa warwas, tsofaffin motocin da ke kwance a ƙofar gidaje da garejin makanikai a cikin garin Katsina suka fara samun masu waiwayarsu. Musamman Peugeot a-kori-kura, wadda muke kira Fijo, 404 da 504. Magada biyu za ka ji suna ja-in-ja: wannan ya ce a zuba kuɗi a tashe ta, wancan ya ce a kira 'yan gwangwan su auna ƙarfen a raba abin da ya samu. Kafin in faɗi nawa ra'ayin, bari mu ga daga ina motar ta fito, don amsar tana cikin tarihinta.

A Faransa aka fara ƙera 404 a 1960, 504 kuma a 1968. Abin da ya yi musu suna a Afirka shi ne juriya: 404 ta ci gasar tseren Safari ta gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, 504 ta ci a 1975. A wannan shekara ta 1975 ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, zamanin Janar Gowon. Lokacin tashar jiragen ruwan Legas ta cushe da jiragen siminti, don haka ta sama aka riƙa kwaso sassan motar daga birnin Lyon zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Ku duba fa, kayan mota a jirgin sama. Kuɗin mai ne ke magana, ga kuma ƙarin albashin Udoji ya shigo aljihun ma'aikata.

Gwamnatin sojan Obasanjo ta mayar da 504 motar hukuma, shi ya sa mu da muka taso bayan an ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987 muka buɗe ido muka ga ita ce motar kwamishina, ita ce ta babban sakatare. Amma wannan labarin salun ne. A-kori-kura ita ce ta talaka. Ita ke kwaso gero da wake daga ƙauye, ita ke kai tumaki kasuwar Charanci da Mai'aduwa, ita ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, lodi ya fi ƙarfinta, mutane a saman buhuna, karen mota na lilo a baya. Rannan ta ɗauki kayan ɗakin amarya, gobe ta ɗauki makara. Wanda ya taɓa tuƙa 404 ba zai manta da giyarta da ke jikin sitiyari ba.

Me ya kashe kasuwarta? Ba lalacewa ta yi ba. Shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sassan da ake sayowa daga Faransa suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai 'yan Kwatano suka cika gari. PAN ta yi ta jan ƙafa da 504 har zuwa wajajen 2006, shekarar da gwamnati ta sayar da kasonta na kamfanin, bashi kuma ya sa AMCON ta karɓe shi a 2012. Hilux ta gaje aikin. Yau akwai kamfanin haɗin gwiwa na Ɗangote da Peugeot a Kaduna da ke harhaɗa sabuwar a-kori-kura mai suna Landtrek, amma ni dai ban ga ma'aikacin da zai tunkare ta da albashinsa ba, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000.

To yanzu ga maganar kuɗi. A Turai da Amurka mutum kan gyara tsohuwar mota ya ajiye, don akwai masu tara irinsu da za su saya da tsada. Mu nan ba mu da wannan kasuwar. Ka kashe abin da ka kashe wajen fenti da kujeru da fitilu na asali, ranar da ka kai ta wurin dillalai, tambayarsu ɗaya ce: buhu nawa take ɗauka? Duk wanda zai tashe ta don ya sayar ya ci riba, wallahi ya haƙura tun yanzu.

Wanda zai sa ta aiki, lissafinsa daban. Injinta na kafireta ne, babu kwamfuta a ciki, ba ta buƙatar a jona mata na'ura kafin a gane ciwonta. Bakanike da sifana da sukudireba ya ishe ta a gindin bishiya. Kayanta na hannu har yanzu ana samu a Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna. Abin dubawa na farko shi ne shasi. In tsatsa ba ta ci shi ba, bai kuma taɓa karyewa an yi masa walda ba, sauran duk mai sauƙi ne, kuma a nan busasshiyar iskarmu ta yi mana rana, don motar da ta kwana shekaru a Katsina ba ta ruɓewa kamar wadda ta zauna a bakin teku. Na biyu takardu. Motar gado da sunan marigayi, ba a raba ba, kada ka sa mata ko sisi sai an zauna an yi magana a gaban shaidu. Na ga wani abokin aikina ya sauke inji, ya sa tayoyi huɗu, ya yi wayarin sabo, motar na tashi sai ga 'yan'uwa sun tuna cewa suna da kaso.

Sai dai akwai abu biyu da ke cin ribar. Tana shan mai fiye da motocin yanzu, kuma litar da muke saye ƙasa da naira 200 kafin Mayun 2023 ta taɓa haura 1,000. Ɗayan ya fi wannan nauyi. A da in mota ta mutu a hanyar Batsari da yamma, sai a shimfiɗa tabarma a jira safiya. Yau kowa ya san abin da tsayuwa a wannan hanya ke nufi. Don haka gyaran rabi da rabi, na a lallaɓa a kai gida, ba shi da wuri. In za ka yi, ka fara da birki da lagireto da wayarin, fenti ya jira. In kuɗinka ba za su kai nan ba, ka bar ta tana jigilar bulo da yashi a cikin gari.

Abin da ke damuna shi ne makanikan da suka san ta ciki da waje tsufa suke yi, yaransu kuma sun koma gyaran Keke Napep da babur, don nan abinci yake. Kowace aka yanka aka auna a kilo, kayan gyaran saura ne ke raguwa. Gidan tarihi na tsohuwar Kwalejin Katsina yana da fili. Da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha za ta sayi 404 guda ɗaya mai lafiya ta ajiye, kuɗin ba zai kai na taron bita ɗaya ba.

Wanda ke da ita a gida, ya sa mana hotonta a ƙasa, ya faɗi shekarar da aka saye ta da hanyar da take bi.