Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Kai Ƙaramar Mota Filin Tsere?

Wani mai saurarenmu daga Funtuwa, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko yana tambaya: shin yaushe aka fara ƙera ƙananan motoci, kuma me ya sa Turawa ke kashe kuɗi wajen tsere da su?

To malam, mun gode da wannan tambaya. A farkon zamanin mota, sai mai hannu da shuni ke hawanta. Mai ƙaramin ƙarfi a Ingila sai dai ya sayi babur mai akwati a gefe, ko wata 'yar mota mai injin babur wadda ba ta da ƙarko.

A 1921 gwamnatin Ingila ta fara karɓar harajin fam ɗaya a shekara kan kowane ƙarfin doki na injin mota. Nan take manyan motoci suka yi wa jama'a nauyi. A lokacin kuwa kamfanin Herbert Austin da ke Birmingham bashi ya yi masa katutu. Sai Austin ya zauna a gidansa da wani matashin mai zane, Stanley Edge, suka tsara Austin 7, ta fito a 1922. Harajinta fam 8 ne, alhali Ford Model T fam 23 ake biya mata.

Amma fa mutane sun raina ta. Wa zai zuba gumin shekararsa a kan abin da bai ga ƙarfinsa ba? Ai ko a kara, ba a sayen doki sai an ga sukuwarsa. Shi ya sa surukin Austin, Arthur Waite, ya shiga tsere da ita. A 1923 ya yi nasara a Brooklands ta Ingila da Monza ta Italiya, a 1928 kuma ya lashe babban tseren Ostareliya. Kowace nasara talla ce ga dillalai.

Ciniki ya buɗe, kamfani ya farfaɗo. Kafin a daina ƙera ta a 1939 an yi kimanin 290,000. Har motar farko ta kamfanin BMW na Jamus, wato Dixi, ita ce Austin 7 da aka ba su izinin ƙerawa.

Ka ga ke nan tseren ba wasa kaɗai ba ne, kasuwa ce. Da fatan ka gamsu. Sai mun sake jin ku.