Argungu: Garin Da Fadama Ta Raina

Duk lokacin da na ambaci Argungu a gaban 'yan'uwana ɗalibai, abin da kan faɗo musu a rai shi ne bikin kamun kifi. Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne in nuna cewa kwanakin bikin kaɗan ne a cikin shekara, sauran kwanakin kuwa na manomi ne.

Asalin sarautar garin daga Kabi take, wadda Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, ya zauna a Surame. A shekarar 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi, sarakunan Kabi suka fice, daga baya suka kafu a Argungu. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye, aka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu shekara da shekaru, in ban da ɗan sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga. To, me ya riƙe ɗan ƙaramin gari har ya jure wannan? A ganina fadamar Gulbin Kabi ce. Ita ta zame masa ganuwa da damina, ita kuma ta cika masa rumbu da shinkafa, ta ba shi kifi.

Shi kansa bikin ɗan sulhu ne. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka yi masa su don girmamawa, aka binne tsohuwar gaba. Daga nan masunta suka riƙa shiga Matan Fada da homa da gora, har hukumar UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016.

Amma fa fadama ba ta da tabbas. Madatsar Bakolori da aka gina a shekarun 1970 ta rage ambaliyar da shinkafa da kifi suka dogara da ita. A 2020 kuma ruwa ya yi yawa, ya cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi.

Saboda haka ina kira gare mu, masu nazarin Hausa, mu je mu tattara kirarin masunta da waƙoƙin noma daga bakin dattawa tun suna raye. Wanda ya san bikin bai san fadama ba, to, bai san Argungu ba. Allah Ya sa mu dace, amin.