Garmahon Kaka: Kafin Ka Miƙa Wa 'Yan Gwangwan

A damina biyu da suka wuce, ɗakin kakanmu da ke nan Unguwar Hausawa ya fara zuba, aka tara mu 'yan gida domin a kwashe kayan ciki. Ƙarƙashin gado muka jawo wani baƙin akwati mai marikin hannu, ƙura ta rufe shi. Yaran gidan suka ɗauka keken ɗinki ne. Kawunmu ya buɗe, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kai, yara, wannan ai garmahon Baba ne." Kafin mako ya zagayo wani daga cikinmu ya miƙa wa mai sayen gwangwan, aka ɗora a sikeli aka biya shi kuɗin ƙarfe. Fayafayan kuwa yara suka yi ta gara su a tsakar gida har suka farfashe. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, don na san ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan ajiya a Dukku ba.

Bari mu fara da asalin abin. A 1877 Thomas Edison, mutumin Amurka, ya ƙera na'urar farko da ke ɗaukar murya ta kuma maido ta, a jikin wani abu mai kama da gwangwani. Shekara 10 bayan haka, a 1887, Emile Berliner ya fito da hanyar zana murya a kan abu mai faɗi, zagayayye. Nasa shi ne ya ci kasuwa, shi ne kuma ya iso mana. Da Bahaushe ya ga abin sai ya tuna da faifan da mata ke rufe ƙwarya, ya sa masa suna faifai. Na'urar kuma harshensa ya lanƙwasa sunanta ta zama garmaho.

Garmaho na ainihi ba ya son wuta ba ya son batir. Wana shi ake yi da hannu, sifirin da ke ciki ya ɗaure, shi kuma ya riƙa juya faifan sau 78 a minti ɗaya. Allurar ƙarfe na bin layin da aka zana, tana girgiza wani siririn bango da ke cikin kan garmahon, ƙaho kuma ya ƙara wa sautin ƙarfi. Fuska ɗaya ta faifai ba ta wuce minti 3 da 'yan kai. To kun ga mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa a gidan biki, dole ya dunƙule zancensa in ya zo gaban na'ura.

Yaushe Hausa ta hau faifai? A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya tara 'yan Afirka ta Yamma da ke zaune a Ingila ya ɗauki waƙoƙinsu a London cikin harsuna da dama, har da Hausa, aka yi jigilar fayafayan zuwa gaɓar tekunmu domin sayarwa. Daga baya kamfanoni irin su HMV da Decca suka riƙa zuwa da kayan ɗauka har Legas da Ankara. Manyan kantunan Turawa, musamman UAC da aka kafa a 1929, su ne dillalan garmaho da allura da faifai. Jirgin ƙasa kuwa ya riga ya isa Kano tun 1911, yana ratsa Zungeru da Minna, saboda haka kaya na hawowa Arewa cikin sauƙi.

Mu nan ƙasar Kontagora dogo bai biyo ta kanmu ba. Abin da ya iso Dukku, a kan jaki ko keke ko bayan babbar mota ya iso. Iyayenmu da suka zo suka zauna cikin Dukawa fatauci ne ya kawo yawancinsu, kuma bafatake shi ne jaridar wancan zamani: shi ke ganin sabon abu a Kano ko Ibadan ya kawo gida. Dattawa kan ambaci mutum iri uku da aka fi sani da garmaho, wato falke, da ma'aikacin En'e, da tsohon soja. Wannan yanki namu har zuwa Zuru an san shi da aikin soja, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, waɗanda suka dawo daga Bama sun zo da 'yan kuɗi da kuma idon da ya ga duniya.

Ku tuna, a lokacin rediyo bai zama ruwan dare ba. Sashen Hausa na BBC sai a 1957 ya fara, Rediyon Kaduna kuma a 1962. Saboda haka in mai garmaho ya fito da akwatinsa ƙofar gida bayan sallar isha'i, unguwa ce ke taruwa, Hausawa da maƙwabtanmu Dukawa, yaro guda na wanawa, mai gida shi kaɗai ke da ikon taɓa allura. Wasu malamai sun ƙi abin, suna ganin shagala ce. Wasu tsofaffi kuma suka rantse akwai mutum a ciki.

Abin da ya kashe garmaho ƙannensa ne. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai na roba mai juyawa a hankali, wanda fuska ɗaya ke kai minti 20. A 1963 Philips ya kawo kaset. Zuwa shekarun 1970 rediyo mai kaset ya shiga ko'ina, garmaho ya koma ƙarƙashin gado.

A nan akwai kuskuren da nake roƙon jama'a su kiyaye. Mu duk faifai "faifan garmaho" muke ce masa, alhali iri biyu ne. Tsohon mai nauyi ne, mai tauri, in ya faɗi ya fashe kamar tangaran, don da wani irin ƙaro da ƙwari ke fitarwa a Indiya aka yi shi. Na bayan, wanda yawancin fayafayan su Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suke, na roba ne, yana ɗan lanƙwasuwa. In ka ɗora na roba a garmahon wanawa, allurar ƙarfe za ta huɗe shi kamar garma, sau ɗaya tak ka gama da shi. Na roba sai na'ura mai aiki da lantarki.

To yaya masu tara kayan tarihi ke yi wa garmaho kuɗi? Abu huɗu suke dubawa: wane kamfani da wane samfuri, ko kayan jikinsa na asali ne, ko yana aiki, da kuma ko an san tarihin mai shi. Akwatunan hannu na HMV, masu hoton kare yana leƙa ƙaho, irin samfurin 101 na 1925 da 102 na 1931, suna da masoya har gobe. Amma gaskiya ɗaya ce: an ƙera su da yawan gaske, don haka kada wani ya yi mafarkin gina gida da kuɗin akwati. A yi hattara kuma da masu ƙaton ƙahon tagulla mai walƙiya da ake gani a shagunan kayan ado. Da yawansu haɗe-haɗe ne na kwanan nan daga Indiya, an manna musu hoton karen kawai.

Dukiyar tana cikin faifan. Akwati iri ɗaya akwai dubbansa a Turai, amma faifan Hausa na wancan zamani kaɗan aka buga, zafi da ƙura da hannun yara sun cinye mafi yawa. Mai yiwuwa wanda ke cikin adakar kakarka shi ne ya rage a duniya. A 2008 wani kamfani a London, Honest Jon's, ya sake fitar da wasu daga waƙoƙin Zonophone ɗin nan, kuma abin ya yiwu ne saboda an adana fayafayan a rumbun EMI. Su sun ajiye, mu muna gara namu a tsakar gida.

Wanda ke son tada nasa, ga 'yan shawarwari. Kada ka wana da ƙarfi in ka ji ya cije, tsohon giris ne ya daskare, kuma sifirin na iya tsinkewa. Kai wa mai gyaran agogo ko keken ɗinki ya wanke da kananzir ya sa sabon mai. Kada ka buɗe gidan sifirin da kanka, in ya kubce yana iya yanke yatsa. Robar da ke kan garmahon takan bushe, ita ke sa sauti ya yi ƙara, ana canza ta. Kada a yi wa akwatin sabon fenti, yana rage masa daraja. Allurar ƙarfe fuska ɗaya take yi a jefar, shi ya sa ake sayar da su cikin 'yan gwangwanaye. Tsohon faifai kuwa kada sifirit ko turare ya taɓa shi, narkar da shi yake yi. Ruwa kaɗan da ƙyalle mai laushi sun isa, a kiyaye takardar tsakiya, a jera su a tsaye cikin inuwa.

In ta kama dole ka sayar, ba laifi, kayanka ne, kuma kowa ya san halin da ake ciki. Amma kafin nan ka ɗauki hoton takardar tsakiyar kowane faifai da wayarka, sunan mawaƙi da lamba su fito sosai. Ka ɗauki sautin in da hali. Ka zauna da dattijon gidan ka tambaye shi wa ya saya, a ina, a wace shekara, ka rubuta. Sannan ka fara tuntuɓar wuraren adana tarihi irin su Gidan Arewa a Kaduna ko Gidan Makama a Kano kafin ka saurari mai sikeli.

Na tambayi kawunmu wace waƙa ce a fayafayan da suka fashe. Ya daɗe yana tunani, ya ce, "Ɗana, amon yana kunnena, amma sunan mai waƙar ya ɓace mini." Shekararsa ta haura 80. Duk wanda ke da garmaho ko faifai a gida, don Allah ya sanar da masu shirya wannan mujalla, mu zo mu gani mu rubuta tun masu ba da labarin suna raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama lafiya.